Kisan Kai a Gefen Murhu: Bayani a kan Labaran Bincike na Bukukuwan Ayalan

Daga cikin nau'o'in ƙagaggun labarai waɗanda ma'abota karatu na ƙasashen Turai da Amurka suke ɗokin saye, musamman idan hunturu ya kama, dare ya yi tsawo, akwai wani nau'i wanda duk mai hankalin da ya fara jin siffarsa sai ya yi mamaki, domin kuwa labari ne na kisan kai, amma an tsara shi ne don ya kwantar wa mai karatu da hankali. Sharuɗɗansa sanannu ne a wurin masu shi: ba a nuna jini, ba a bayyana alfasha, ba a zagin ƙare dangi, wanda aka kashe galibi mutum ne da ba a cika baƙin cikin rashinsa ba, mai binciken kuwa ba ɗan sanda ba ne, yawanci wata mace ce daga cikin mutanen gari, mai sana'arta, wadda Allah ya hore wa basira da yawan tambaya. Har taro musamman suke yi a Amurka tun daga 1989, inda ake ba da lambar yabo da sunan Agatha Christie ga littattafan da suka kiyaye waɗannan ƙa'idoji.

Ita Agatha Christie, wadda ta rayu daga 1890 zuwa 1976, ita ake ɗauka uwar wannan fanni, tun da ta fito da tsohuwar nan Miss Marple a cikakken littafi a 1930, tsohuwa mai saƙa a ƙauyen Ingila, wadda ba ta da makami sai sanin halin ɗan Adam. Ba kowa ne ya yarda da wannan tafarki ba, don marubucin Amurka Raymond Chandler ya yi masa kakkausan suka a wata maƙala a 1944, yana ganin an ɗauke kisa daga titi, inda yake aukuwa bilhaƙƙi, an kai shi falon masu hali an mai da shi wasan wasa ƙwaƙwalwa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, illa iyaka ba ta hana kasuwar ci ba. Daga baya ma sai matan Amurka suka ɗauko labarin daga falo suka shigar da shi madafa: Virginia Rich a 1982, sa'an nan Diane Mott Davidson a 1990, sa'an nan Joanne Fluke a 2000, wadda ta sa jarumarta mai gidan toye-toye a wani ƙaramin gari na jihar Minesota, kuma suka riƙa cusa bayanin yadda ake haɗa abinci a cikin littafin, ta yadda mai karatu zai ajiye maganar gawa ya tafi auna fulawa.

To, da wannan reshe ya miƙa har ya isa tsibirin Ayalan, sai ya tarar da ƙasa wadda kamar don shi aka shirya ta. Sheila Connolly ta fara jerin littattafanta na lardin Kok a 2013, Carlene O'Connor kuma ta biyo baya a 2016 da labarin wata budurwa, Siobhán O'Sullivan, wadda iyayenta suka rasu a haɗarin mota suka bar mata 'yan'uwa da gidan abinci a wani ƙagaggen gari mai suna Kilbane. A cikin jerin nata akwai wanda ya faɗo a lokacin Kirsimeti, akwai kuma wanda aka gina a kan gasar masu gashin burodi. Abin da ya kamata mai nazari ya tambaya shi ne, mene ne ya haɗa murhu da kisa, har marubuta suka ga ba su da dandalin da ya fi shi?

Amsar tana cikin abincin kansa, kuma ya kyautu mu dube shi da kyau. Burodin da aka san mutanen Ayalan da shi ba ya buƙatar yis, ba ya buƙatar jira: fulawa ce, da gishiri, da garin soda, da tsala, wato nonon da aka kaɗe aka cire masa mai. Tsamin nonon ne yake haɗuwa da sodar ya tayar da ƙullin nan take, kamar dai yadda matanmu suke kashe tsamin ƙullun masa da ruwan kanwa, sai dai su a can tashin suke nema. Ya yaɗu ne a ƙarni na 19, a gidajen talakawa waɗanda ba su da ɗakin gashi, sai tukunyar ƙarfe mai murfi wadda ake ɗorawa a kan wuta a zuba garwashi a bisa murfin. Kafin a rufe kuwa sai uwargida ta sa wuƙa ta tsaga gicciye a samansa, wasu su ce don albarka, wasu su ce don a ba aljanu hanyar fita, alhali masu sana'a sun san tsagar ce take barin zafi ya ratsa cikinsa. Wannan burodin kullum ne, kuma duk wadda take sayar da shi a ƙaramin gari, babu gidan da ba ta san abin da ke cikinsa ba, domin wanda ya saba sayen biyu ya koma sayen ɗaya, lalle wani ya bar gidan, wanda kuma bai zo da safe ba, akwai inda ya kwana. Da irin wannan sani mai binciken take aiki, ga kuma tsegumin da ake kawo mata kyauta tare da kuɗin ciniki.

Amma abincin bukukuwa shi ya fi ba marubuci abin da yake so. A daren 31 ga Oktoba mutanen Ayalan suna yanka wani burodi mai zabibi da ake kira bambarak, wanda a al'adar da ake ɓoye abubuwa a cikinsa: zobe, da kwabo, da ƙyalle, da ɗan tsinke, da ƙwayar wake, wanda ya tsinci zobe a rabonsa an ce aure ya kusa, mai kwabo arziki, mai ƙyalle talauci, mai tsinke zaman aure na rigima, mai wake kuwa babu aure a shekarar. Canfi ne ba shakka, su kansu yau wasa suka ɗauke shi, har na kanti ba a sa masa kome sai zoben. Sai dai ga mai ƙaga labari, abincin da aka saba ɓoye abu a cikinsa taska ce, kuma ita Christie ta riga ta gwada haka a wani labari da ya fito a 1960, inda aka tsinci jan yaƙutun wani yarima a cikin alkakin Kirsimeti.

Kek ɗin Kirsimeti kuwa hikimarsa ta fi zurfi, domin ba ranar biki ake yinsa ba. Tun makonni kafin lokaci ake haɗa shi da zabibi, da ɓawon lemo, da kirfa, da kanumfari, a gasa a naɗe a ajiye, lokaci lokaci a buɗe a ɗiga masa barasa don kada ya bushe. A gidaje da yawa kuma, ranar kwaɓa alkakin da ake turarawa, kowa a gidan sai ya kama muciya ya juya. Mai karatu ya duba abin da wannan yake jawowa idan baƙo ya ci ya faɗi matacce a daren biki: kowane hannu a gidan ya taɓa ƙwaryar, gubar kuma tana iya kasancewa ta shiga tun wata guda da ya wuce, saboda haka hujjar nan ta cewa ba na nan lokacin da abin ya auku ta rushe ga kowa. Ga shi biki ya tattaro dangi daga Landan da Boston ƙarƙashin rufi ɗaya, da tsohuwar gaba, da maganar gado, da wasiyyar da ake raɗe-raɗin za a canza. Ga kyandir a taga a daren jajibiri, alamar cewa ƙofa a buɗe take ga baƙo. A ganina wannan shi ne asirin fannin baki ɗaya, wato abinci amana ne, mutum yana kai shi baki ba tare da bincike ba saboda ya yarda da hannun da ya miƙo masa, kuma laifin da ake farauta a cikin littafin cin amanar nan ne fiye da kisan. Shi ya sa idan an kama mai laifi, ba a rufe labari a kotu, sai a teburin cin abinci, inda sauran suka sake yarda su ci daga hannun juna.

Sai dai akwai abin da ya wajaba a faɗakar da mai karatu a kansa, shi ne cewa Ayalan ɗin da ke cikin waɗannan littattafai, mafi yawanta a Amurka aka rubuta ta, a Amurka aka buga ta, kuma Amurkawa ake nufi da ita. Dalilin haka yana cikin tarihi. Babbar yunwar da ta auku daga 1845 zuwa 1852, sa'ad da cuta ta cinye dankali, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wajen miliyan ɗaya kuma zuwa ƙetare, hijirar ba ta tsaya ba har zuriya bayan zuriya, ta kai yau fiye da mutum miliyan 30 a Amurka suna jingina asalinsu ga tsibirin da jama'arsa duka ba su wuce miliyan 7 da 'yan kai ba. Waɗannan jikoki su ne kasuwar, kuma abin da suke saye ƙauyen kakanni ne kamar yadda bege ya zana shi, mai koren tudu da coci da murhu, ba ƙasar yau ba mai manyan kamfanonin kwamfuta da tsadar gidan haya. Wanda yake son ganin yadda 'yan ƙasar suke rubuta laifi a ƙasarsu, sai ya nemi irin littattafan da John Banville ya fara fitarwa a 2006 da sunan aro na Benjamin Black, a kan birnin Dablin na shekarun 1950, inda zai tarar da duhu da zalunci da ɓoye-ɓoyen manya, ba tare da ko yankin kek ɗaya na lallashi ba. Hatta burodin ma ya canza da ya ƙetare teku, don wanda Amurkawa suke toyawa ranar 17 ga Maris, ranar Fatirik waliyyin Ayalan, suna zuba masa sukari da man shanu da ƙwai da zabibi, abubuwan da matar manomi a lardin Kok ta ƙarni na 19 ba ta ganinsu a ƙullinta sai ranar babban biki.