Idan intanet ya yi nauyi a biro, a fara bincike daga cikin gida

Yau da wuya a samu biron da aikinsa ba ya bi ta intanet. Takardar da a da take kwanaki cikin mota tsakanin Damagaram da Yamai, yanzu nan take take isa. To amma ran da intanet ya yi nauyi, sai aiki ya tsaya cik. Rahoton ƙarshen wata ba ya tafiya, kuma talakan da ya baro ƙauye tun asuba don takarda guda sai a ce masa: "Babu rezo, ka komo gobe."

Da haka ta faru, kowa sai ya ɗora laifi bisa kamfanin sadarwa. Wani lokaci daga waje ne, kamar a watan Maris na 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahala. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sau da yawa cutar tana cikin biro, kuma ana gano ta ba tare da an kashe ko dala ba.

Da farko ya kamata mu san wani abu da ake kira DNS. Kowace na'ura da ke bisa intanet tana da lamba, kamar yadda kowane talho yake da tasa. Mu mutane suna muke rubutawa, kwamfuta kuwa lamba take nema. DNS shi ne kundin da ke mai da suna lamba, tamkar littafin lambobin talho na gidan waya. Wani masani ɗan Amurka, Paul Mockapetris, shi ya tsara shi a 1983. Idan mai amsa tambayar nan ya yi jinkiri, shafi zai daɗe bai buɗe ba, alhali hanya lafiyarta lau. Idan ya yi shiru, sai a zaci intanet ya yanke. Ko manya ba su tsira ba: ran 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp sun ɓace kimanin awa 6, duniya ta kasa samun lambarsu.

Ga yadda za a bi sawun cutar, mataki bayan mataki.

Na ɗaya, a duba ko kwamfuta guda ce ke fama, ko kuwa duka. In guda ce, laifin yana gare ta ko ga wayarta.

Na biyu, a ɗauki kwamfuta guda a haɗa ta da waya kai tsaye ga akwatin da ke raba intanet. In ta yi sauri, to Wi-Fi ne ke da rauni. Katanga mai kauri da kabad na ƙarfe suna tare shi, don haka a aza akwatin bisa, a tsakiyar biro. A tuna kuma wayar haɗi ba ta wuce mita 100. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma suna gajiyar da akwatin, sai a kakkaɓe shi, a bar masa iska.

Na uku, a raba suna da lamba. A cikin Windows a buɗe baƙar tagar umurni, a rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta zo, hanya a buɗe take. Sannan a rubuta nslookup tare da sunan wani shafi. In lamba ta amsa, suna kuwa ya ƙi ko ya yi jinkiri, an kama ɓarawo: DNS ne. In ko lambar ba ta amsa ba, a kashe akwatin, a jira kaɗan, a sake kunna shi.

Na huɗu, in DNS ne, a rubuta ipconfig /flushdns domin kwamfuta ta manta tsofaffin amsoshin da ta aje. In bai isa ba, ana iya sauya mai amsa a cikin akwatin, a sa 8.8.8.8 na Google, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, ko 1.1.1.1 na Cloudflare, na 2018. Amma a yi hattara. Biron da ke aiki da shafukan cikin gida na ma'aikatarsa, in ya sauya, shafukan nan suna iya ɓace masa. Kada a taɓa sai da izinin ma'aikacin da ke kula da na'urori, kuma a rubuta tsohuwar lamba a takarda tukuna.

Na biyar, a ƙidaya masu shan ruwan rijiyar. Lambar sirri da aka bai wa baƙo da maƙwabci, da wayoyin hannu masu kallon bidiyo, suna iya cinye rabon kowa. Haka kuma in wani ya kawo akwati na biyu ya soka ba da sani ba, sai akwatuna biyu su dinga raba lambobi, na'urori su rikice.

In an bi duk wannan cutar ba ta tafi ba, lokacin kiran kamfani ya yi. A je musu da hujja: rana, awa, da abin da kowane gwaji ya nuna. Mai hujja a hannu ya fi mai ƙorafi samun biyan bukata.

Muna kira ga shugabannin birori da su ɗora wa mutum guda wannan nauyi, su ba shi ɗan littafin da zai riƙa rubuta abin da ya faru. Kafin a nemi ƙarin kuɗi daga baitulmali don sayen intanet mai tsada, a tabbatar wanda ake biya yana isa ga teburin ma'aikaci. Mai jira a bakin ƙofa kuɗin mota ya biya ya zo, bai kamata a mai da shi gida hannu banza ba.