Takalmin Yau da Kullum: Gaskiya ko Jita-jita?

"Zai buɗe." Abin da mai sayar da takalmi ke saurin faɗa ke nan idan ya ga takalmin ya matse ka, ka fara jan jiki. Maganar rabinta gaskiya ce. Fata ta asali takan ɗan saki ta faɗi idan an sha sawa, amma babu takalmin da ke ƙara tsawo, kuma kambas na roba da raga kusan yadda ka saye shi haka zai zauna. Idan babban yatsa na dungurar gaba tun a shago, bororo ne ke jiranka, wani lokaci har farce ya yi baƙi. Ƙafa kan ɗan kumbura idan an wuni a kanta, don haka a gwada takalmi da yamma, a tsaye, da safar da za a riƙa sawa, ƙafa biyu duka, tunda sau da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba.

Ana kuma cewa mafi rashin nauyi shi ne mafi kyau. Ga masu gudu akwai hujja: binciken da aka yi a kansu ya nuna ƙarin giram 100 a kowace ƙafa na ƙara kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke kashewa. Amma mai tafiyar kasuwa da makaranta ba tsere yake ba. Idan an samu rashin nauyin ne ta hanyar siranta ƙasan takalmin, duk tsakuwar hanya tafin ƙafarka za ta gaisa da ita. Lanƙwasa shi ka gani: ya kamata ya lanƙwashe wajen yatsu, ba a tsakiya ba, bayan dunduniya kuma ya kasance da ɗan tauri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗora warin ƙafa a kan ƙazanta. Ƙafafun mutum na da kusan ƙofofin gumi 250,000. Gumin kansa ba ya wari. Ƙwayoyin cuta ne ke samun wurin zama idan danshi ya rasa mafita. Mai tsafta ma, in ya wuni cikin sau-ciki na roba da aka yi wa kamannin fata, zai gamu da warin. Raga da fata ta asali sun fi barin iska ta ratsa. Safar auduga kuwa tana shan gumi ta riƙe shi. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu kafin a mayar da safa, domin a nan ƙaiƙayi da tsagewar fata ke farawa. Mai hali ya samu takalma biyu yana musanyawa, ɗaya na bushewa.

To silifas fa, tunda ya fi kowa shan iska? Ga tsakar gida da banɗaki, madalla. A doguwar tafiya yatsu ne ke aikin riƙe shi, dunduniya kuma a buɗe take ga ƙurar hunturu da faso. Mai ciwon suga kam ya kiyaye: ciwon kan rage jin ƙafa, ƙaya ko ƙusa ta shige bai sani ba sai wurin ya zama gyambo. Shi rufaffen takalmi mai yalwar gaba ya dace da shi, kuma ya zura hannu ya laluba cikinsa duk lokacin da zai sa.