Me Ya Sa Tsofaffin Ɗalibai Ke Taimaka Wa Makarantar Harhaɗa Magunguna?

Duk mai juna biyun da ta zo awo, ko daga Ƙanƙara take, ko Faskari, ko Sabuwa, ba ta komawa gida sai ta biya ta wurin karɓar magani. Wanda ke zaune a wurin ba mai miƙo ƙwayoyi ba ne kawai. Idan cikakken mai harhaɗa magani ne, to masani ne da ya yi aƙalla shekara biyar a jami'a, ya ƙara shekara guda yana sanin makamar aiki, kafin hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, wato PCN, ta ba shi lasisi. Da yawa daga cikin irin waɗannan masana da ke aiki a Arewa sun fito ne daga Tsangayar Harhaɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, jami'ar da aka kafa a 1962. Farfesa Gabriel Osuide, wanda ya zama shugaban hukumar NAFDAC na farko bayan kafa ta a 1993, yana cikin waɗanda suka aza harsashin wannan karatu a Zariya.

Karatun yana da tsada

Ba a koyon harhaɗa magani da allo da alli kaɗai. Sai da ɗakin gwaje-gwaje, da sinadarai, da na'urorin auna ƙarfin magani, da wutar lantarki mai tsayawa. Akasarin kayan daga waje ake sayo su, don haka duk lokacin da darajar naira ta faɗi sai kuɗinsu ya hau. Gwamnati tana bayar da nata kason, asusun TETFund ma yana yin gine-gine da sayen kayan aiki, amma buƙata ta fi abin da ke shigowa. A nan ne tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni ke shigowa. A 2019 gidauniyar Dangote ta miƙa wa jami'ar ɗakunan kwanan ɗalibai, a 2021 kuma gidauniyar Abdul Samad Rabi'u ta ba ta tallafin naira biliyan ɗaya. Waɗannan na jami'ar ne baki ɗaya. Akwai kuma ƙananan gudummawa da ba a jin labarinsu a rediyo: littattafai, gyaran ɗakin karatu, ko biya wa ɗalibi kuɗin rajista.

Dalilan masu bayarwa

Na farko shi ne sakayya. Wanda ya yi karatu a zamanin da kuɗin makaranta bai taka kara ya karya ba, yau kuma yana da kemis ɗinsa ko babban muƙami, yakan ga cewa akwai bashi a kansa. Na biyu, neman lada, domin ilimin da ake amfana da shi yana cikin ayyukan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Na uku, mutuncin sana'a: idan makaranta ta rasa kayan aiki, hukuma za ta iya janye amincewarta, takardar tsohon ɗalibi ma sai ta rage daraja.

Dalili na huɗu shi ya fi shafarki, uwargida. Masu bayarwa sun san abin da magani marar kyau ke yi. A 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai lalata ƙoda ya gurɓata, ya hallaka yara 84 a Nijeriya, kuma asibitin koyarwa na Zariya yana cikin waɗanda suka fara ganin yaran. Ido ba ya gane irin wannan guba. Sai gwaji, gwaji kuwa sai da na'ura da wanda ya iya ta.

Haka kuma allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta haihu don hana zubar jini. Tana buƙatar ajiya a firiji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ta daɗe cikin zafi, ƙarfinta na raguwa alhali kwalbar tana nan kamar sabuwa. Wani bincike da aka buga a 2018 ya gano cewa kusan uku cikin huɗu na samfuran wannan allura da aka tattara a Nijeriya ba su ci gwajin inganci ba. A yankin da wuta ba ta zama, kuma rashin tsaro kan hana fita da dare zuwa Funtua ko Shika, ingancin allurar da ke asibitin kusa da gida na iya zama abin da zai ceci rai. Shi ya sa tallafa wa ɗan yankin ya karanci wannan fanni yake da amfani: ɗan gari ya fi saurin yarda ya koma ya yi aiki cikin danginsa.

Naki kason

Ba sai kina da kuɗin bayarwa ba kafin ki ci moriyar wannan ilimi. Ki kiyaye waɗannan:

1. Ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid kullum kamar yadda aka faɗa miki.
2. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wanda aka fi sani da Fansida, ana fara shi ne bayan wata uku na farko, a bar tsakanin wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa.
3. Kada ki sayi magani a faranti ko a kasuwar ƙauye inda rana ke dukansa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki.
4. Kada ki yarda a yi miki allurar naƙuda a gida ko a kemis. Tana iya fasa mahaifa.
5. Ki gaya wa mai ba da magani cewa kina da ciki ko kina shayarwa, ki kuma faɗa masa duk wani jiƙo ko tsimi da kike sha.

Maigida kuma, idan kana da ɗa ko 'ya mai ƙoƙari a darussan kimiyya, ka ƙarfafa masa gwiwa. Idan Allah Ya hore maka, biya wa ɗalibi ɗaya na garinku kuɗin rajista ba ƙaramin alheri ba ne. Wanda ke son taimaka wa tsangayar kai tsaye, ya bi ta ofishin shugabanta ko ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'ar, ya kuma karɓi rasidi.

Allah Ya raba lafiya, Ya raya mana abin da za a haifa.