Harafi Ɗaya Da Ya Buɗe Asusun Jama'a

A shekarar 2000, wasu 'yan damfara suka buɗe shafin intanet mai suna PaypaI.com, suka sa babban harafin "I" a gurbin ƙaramin "l". Ido ba ya bambanta shi da shafin PayPal na gaske, na biyan kuɗi ta intanet. Duk wanda ya shigar da kalmar sirrinsa, ya miƙa musu makullin asusunsa da hannunsa.

Har yau dabarar tana ci. Saƙon imel da 'yan damfarar ke aikawa yakan zo da tsoratarwa: an rufe asusunka, danna nan yanzu-yanzu. Gaisuwarsa ma ta kowa da kowa ce, alhali PayPal da cikakken sunan mutum yake kiransa, kuma ba ya tambayar kalmar sirri ta imel.

Mai shakka sai ya rabu da saƙon, ya rubuta adireshin shafin PayPal da kansa, ya duba asusun.