Yini Ɗaya Ne Gare Mu, Wane Gari Za Mu?

Idan hutun Kirsimati ya zo, yara suka dawo daga makaranta, ba a kwana uku sai a fara jin, "Baba, yaushe za ka kai mu wani wuri?" Maigida ya ce sai ran Asabar. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi bayanta, har hutu ya ƙare ba a leƙa ko bakin gari ba. Sau da yawa ba rowa ce ta hana ba. Shi kansa maigidan bai san inda zai kai su ba.

A Sabon Garin Gusau akwai gidaje da yawa waɗanda kakanninsu suka zo neman abinci, wasu aikin jirgin ƙasa, wasu cinikin auduga da gyaɗa, wasu aikin masaƙa. An haifi 'ya'ya da jikoki a nan. Amma ka tambayi yaro sunan dutsen nan da yake gani ta tagar mota in za a je Zariya, sai ya yi shiru. Ya san Baitalami da Yariko, yana iya nuna su a taswira, bai taɓa jin sunan 'Yandoto ba, ga ta kuwa a bayan ɗakinsa.

To, a ce an sami yini guda, an sami ɗan kuɗin mota. Ina za a nufa?

Wani maƙwabcina ya taɓa amsa wannan tambaya da cewa, "Duka!" Shekarun baya ne, lokacin da hanya take lafiya. Ya kwashi uwargida da yara huɗu, ya ce yau sai sun ga Kwatarkwashi, da Tsafe, da Bunguɗu, da Ƙauran Namoda. Sun dawo bayan almuru, ƙaramin yana kuka, uwargida ba ta magana da kowa. Washegari na tambayi babbar 'yarsa abin da ta gani. Ta ce, "Baba, tasha huɗu muka gani, da wani wuri inda taya ta fashe." Waɗanda suka je ƙasar Turai ma haka suke faɗa. A Beljiyam tsakanin tsofaffin biranen nan biyu, Gent da Brugge, tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa, duk da haka baƙon da ya ce sai ya haɗa uku ko huɗu a yini ɗaya, abin da yake tunawa bayan ya koma gida shi ne gudun kada jirgi ya bar shi.

Don haka kafin a zaɓi gari, a fara zaɓen hanya. Manyan hanyoyi uku ne za a duba daga Gusau: ta gabas mai zuwa Funtuwa da Zariya, ta yamma mai zuwa Sakkwato, da ta arewa mai zuwa Ƙauran Namoda. A ɗauki ɗaya, a bar sauran sai wani hutu. A lura da wani abu da ke ruɗin mutane: Kwatarkwashi tana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, sai wani ya zaci maƙwabtan juna ne. A'a. Gusau ce a tsakaninsu, Kwatarkwashi tana gabas, garin Bunguɗu yana yamma.

Hanyar Gabas

In da ni za a tambaya, wannan zan ce a fara da ita, domin a kanta ne labarin Gusau kanta yake.

Kwatarkwashi ba ta kai tafiyar rabin awa ba a mota. Tun daga nesa za ka hango duwatsun sun tokare sama, garin kuma yana kwance a gindinsu. Garin ya girmi Gusau nesa ba kusa ba. Mutanen da suka zaɓi zama a wurin sun san abin da suke yi, gama a zamanin yaƙi da kamun bayi dutse ya fi ganuwa, mahayin doki ba shi da ta cewa a kan fa. A nan ne aka san tsafin Magiro, wanda sunansa ya kai ko'ina a ƙasar Hausa. A nan kuma a da ake bikin nan na kamun maiki, samari su hau ƙololuwar dutse su kamo tsuntsun su sauko da shi gaban jama'a. Tsofaffin garin ne za su ba ka wannan labari yadda ya kamata, kuma suna jin daɗi a tambaye su. Sarkinsu na baya, Alhaji Ahmad Umar, ya rasu a 2022 bayan ya yi shekara 61 a kan gado, wato ya hau jim kaɗan bayan Nijeriya ta sami 'yancin kai.

Ga yara, dutsen shi ne abin zuwa. A hau da hantsi kafin fa ya ɗauki zafi. Ba lalle sai an kai ƙarshe ba. Ko rabi aka yi, a juyo a duba ƙasa: ga gonakin dawa da aka girbe, ga shanu kamar tururuwa, ga titi ya miƙe kamar zare. Kada a yarda yaro ya hau da silifa, kada kuma a hau da damina, santsi ya yi yawa. Kaka da sauran masu ciwon gwiwa su zauna a inuwa su tsare guzuri, ba abin kunya ba ne.

Can gaba, kusa da Tsafe, ita ce 'Yandoto. Gara in faɗi gaskiya tun yanzu, wanda ya je neman manyan gine-gine zai dawo yana gunaguni. Abin da ke wurin labari ne. A da can gari ne na malamai, masu neman ilimi suna zuwa daga nesa. Labarin gargajiya na Katsina ya ce daga nan Korau ya fito, wanda ya ka da Sanau a kokawa ya karɓe sarautar Katsina. Dukan wannan yanki ana kiransa Katsinar Laka. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto da yawa ba su bi ba, sai Muhammadu Bello ya kawo yaƙi ya ci garin wajen 1806. Daga wannan rikici ne garuruwa biyu suka taso. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda yake na ɓangaren Shehu, ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, har ana cewa sunan ya fito ne daga kalmar "gusa". Sarautar Tsafe kuwa ta riƙe tsohon sunan, shi ya sa har yau ake ce wa sarkin 'Yandoton Tsafe. Idan yaro ya taɓa tambayarka don me ake ce wa Sarkin Gusau Sarkin Katsina alhali ba a Jihar Katsina muke ba, to, ga amsar.

Tsafe ma gari ne na gindin duwatsu, tafiyar kusan awa guda daga Gusau. Mai yara ƙanana ya tsaya a Kwatarkwashi ya juyo. Tsafe ta masu manyan yara ce, su ma sai sun karanta abin da zan faɗa a ƙasa.

Arewa Da Yamma

Ƙauran Namoda ita ma kamar awa guda ce. Ta samo sunanta daga Namoda, jarumin yaƙin jihadi. A nan layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare, a 1929. Yanzu jirgi ba ya zirga-zirga kamar da. Amma gidan da kakansu ya yi aikin jirgin ƙasa, wannan tafiya tasu ce. A je da tsohon in yana da rai, a bar shi ya tsaya a bakin dogo ya yi magana. Yara za su ji abin da bai taɓa faɗa a gida ba.

Bunguɗu tana kusa ƙwarai a hanyar Sakkwato, sarkinta shi ne Sarkin Fulanin Bunguɗu. Ta dace da fitar rabin yini, musamman in akwai dangi ko abokin aiki da za a gaisar. Madatsar ruwa ta Bakalori kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, abin kallo ce, amma ta yi nisa ga mai goyo. Sakkwato kuwa kada ma a sa ta a lissafi. Ta wuce kilomita 200. Hubbaren Shehu, da fadar Sarkin Musulmi, da gidan tarihi na Waziri Junaidu sun fi ƙarfin a leƙa a tsaitsaye, sai da kwana.

Abin Da Ya Fi Duka

Masu karatu na Zamfara sun riga sun san abin da zan ce. Tun wajen 2011 'yan bindiga suka addabi wannan jiha, kuma babu ɗaya cikin hanyoyin nan uku da ba a taɓa tarewa ba. A watan Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙasar Talatar Mafara. A Satumba na wannan shekara gwamnati ta sa aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, na wani lokaci. A Satumba 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida, wato a wannan hanya ta gabas da nake yabo. Ƙasar Tsafe ta sha wuya fiye da wurare da yawa. Hanyar Ɗansadau kuwa ban ma ambace ta cikin zaɓi ba, da gangan.

Saboda haka maigida ba shi ne mai yanke maganar ƙarshe ba, labarin hanya ne. Ran jajibirin tafiya ka je tasha da kanka ka tambayi direbobin da suka bi hanyar a ranar. Ka kira wani mazaunin garin wanda ka sani, ba wanda ya ji a bakin wani ba. Da safe ka sake kira. In amsar ta zo da "amma" a ciki, a fasa. Yara za su ɓata rai, su huce kafin a ci tuwon dare. Kada a fita da asuba, a bari hanya ta cika da motoci, a kuma kasance cikin Gusau kafin la'asar. Kada a sauka daga kwalta a bi hanyar daji don wai ana neman kufai. Kada a baza maganar tafiyar a unguwa, kada a cika bas da yaran ikilisiya gaba ɗaya. Gida ɗaya ko biyu sun isa.

In an isa lafiya, a fara da ƙofar fada ko gidan mai unguwa. A gaisa, a faɗi daga inda aka fito da abin da ya kawo ku, a roƙi a haɗa ku da wanda zai yi muku jagora, a kuma sallame shi da abin goro. Uwargida da 'yan mata su yafa mayafi. Kada a ɗauki hoton mutum, ko fada, ko kabari sai da izini. Ranar Jumma'a ba ta dace ba, masu gari suna da hidimarsu. A tafi da ruwa mai yawa, da dafaffen ƙwai, da gyaɗa, da ƙosai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau, a tambayi farashi kafin a yi wa yara alkawari.

In kuwa labarin hanya bai yi daɗi ba, ba a rasa wurin zuwa ba. Daga Sabon Gari zuwa Kanwuri, inda fadar Sarkin Katsinan Gusau take, kuɗin Keke Napep ne kawai. A fara da tashar jirgin ƙasa, a nuna wa yara dogon da ya kawo baƙi garin. A shiga tsohon gari a ga fada, a gaida dattawan da ke ƙofa. In rana ta yi sanyi a gangara bakin gulbin Sakkwato, a shimfiɗa tabarma a buɗe ƙosan. Maƙwabcin nan nawa ya yi haka da jikokinsa a hutun da ya wuce, kuma kafin ƙarfe biyar sun dawo gida.