FASHIN BAƘI: Yadda ake yankar kuɗin talla daga cinikin gidajen abinci masu hayar suna

Galibin gidajen abincin da ke ɗauke da sunan McDonald's, Subway ko Burger King ba mallakar waɗannan kamfanoni ba ne. 'Yan kasuwa ne ke hayar sunan, su zuba jarinsu, su biya haya da albashi, sannan su riƙa bai wa uwar kamfani kasonta. Cikin abin da suke biya akwai kuɗin asusun talla, wanda ya sha kai ɓangarorin biyu gaban alƙali.

Yadda ake lissafinsa

A Amurka, Subway na karɓar kashi 8 cikin 100 na ciniki a matsayin ladan suna, da ƙarin kashi 4.5 na talla. McDonald's kuwa na wajabta wa mai reshe kashe aƙalla kashi 4 kan talla.

Abin lura shi ne daga ciniki ake yanka, ba daga riba ba. Idan reshen Subway ya yi cinikin dala 40,000 a wata, dala 1,800 za ta tafi asusun talla, dala 3,200 kuma ladan suna, ko da mai reshen ya ƙare watan da asara.

Hujjar kamfanonin ba ta da wuyar ganewa. Shago guda ba zai iya sayen talla a talabijin na ƙasa ba, amma dubban shaguna za su iya idan suka haɗa kuɗi. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Inda gizo ke saƙar

Mai biyan kuɗin ba shi ne mai yanke hukunci kan yadda za a kashe su ba. Yarjejeniyoyin kan bar wa uwar kamfani wannan iko, kuma sau da yawa ba sa alƙawarin cewa tallan zai amfani garin da reshen yake.

Ga kuma saɓanin buƙata. Tunda kason kamfani daga ciniki yake fitowa, rangwamen da ke jawo cincirindon masu saye alheri ne a gare shi, ko da ya cinye ribar mai reshe. A 2009, ƙungiyar masu rassan Burger King a Amurka ta maka kamfanin a kotu bayan ya tilasta sayar da wani nau'in abincinsa a kan dala 1, farashin da suka ce bai kai kuɗin haɗa shi ba. An sasanta a 2011.

A Kanada ma, masu rassan Tim Hortons sun shigar da ƙara a 2017 suna neman dalar Kanada miliyan 500, bisa zargin an karkatar da kuɗin asusun talla zuwa wasu hidimomin kamfani. Kamfanin ya musanta, aka kuma sasanta a 2019.

Me doka ta tanada?

Hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta wajabta wa kamfani miƙa wa mai neman reshe takardar bayani mai sassa 23, aƙalla kwana 14 kafin ya sa hannu ko ya biya kuɗi. Dole takardar ta nuna nawa ake biya, wa ke kula da asusun, da yadda aka kashe kuɗinsa a shekarar da ta gabata. Dokar ta tsaya ne kan bayyana gaskiya, ba ta ƙayyade yawan kason ba.

Batun ya shafi Najeriya, inda KFC ya shigo a 2009, Domino's kuma a 2012, duk ta hanyar hayar suna. Hukumar NOTAP ce ke yi wa irin wannan yarjejeniya da kamfanonin waje rajista.

Matashin da ke hangen wannan kasuwanci ya kamata ya nemi amsar tambayoyi uku a rubuce kafin ya sa hannu: Shin masu binciken kuɗi masu zaman kansu na duba asusun? Shin masu rassa na da kujera a inda ake tsara talla? Kuma shin kamfani na da ikon ƙara kason ko tilasta rangwame ba tare da yardarsu ba?