Jini Kamar Gulbi Ne: Jawabi Ga Waɗanda Aka Sa Wa Waya A Jijiyar Zuciya

Yau zancenmu a kan jijiyar zuciya ne.

Duk mutumin Jibiya ya san gulbin nan da ya ratsa ƙasarmu ya nufi Maraɗi. Ku lura da shi da damina. Inda ruwa ya miƙe yana gudu, ƙasan gulbi a share yake. Amma bayan dutse ko kututture, inda ruwa ke juyawa, nan yashi da kara ke taruwa. To, haka jini yake cikin jijiya.

Kadan kitse ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, likita yakan zura wani ɗan bututu na ragar waya, faɗinsa kamar milimita 3, ya buɗe hanyar da shi. Sunansa sitent. A shekarar 1986 aka fara sa wa mutum shi a jijiyar zuciya, a birnin Tulus na Faransa.

Amma waya baƙuwa ce a jiki. Sai fatar cikin jijiya, wadda ke da santsi, ta tsiro a hankali ta lulluɓe ta. Inda jini ke gudu sosai, ƙwayoyin wannan fata sukan jeru su manne da kyau. Bayan kowane silin waya kuwa jini yakan ɗan juya, kamar ruwa bayan kututture. Nan fata ke jinkirin rufewa, nan kuma ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini ke liƙewa. In suka taru sai gudan jini ya toshe hanya, mutum ya faɗi farat ɗaya. Don haka masu ƙera sitent yanzu suke sirantar da wayarsa.

Kafin fata ta gama rufewa akan ɗauki watanni. Shi ya sa likita ke ba da ƙwayoyi iri biyu, asfirin da wata, galibi kilofidogirel, wata 6 zuwa 12, don hana liƙewar nan.

Saboda haka ku riƙe waɗannan:

1. Kada ka bar shan magani don ka ji sauƙi. Likitan da ya sa shi ne zai ce a daina.
2. Direba da ɗan kasuwa mai ƙetare iyaka, ka tafi da isasshen magani, gama jira a bakin iyaka ba ya da rana.
3. Kafin a cire maka haƙori, ko wanzami ya yi maka ƙaho, faɗa wa malamin asibiti, don jininka ba ya saurin tsayawa.
4. Ka bar taba, ka rage gishiri, a riƙa auna maka hawan jini.
5. In ƙirji ya ɗaure maka, ga zufa, ga numfashi sama-sama, kada a jira gari ya waye. A nufi asibitin Jibiya ko na Katsina nan da nan.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba mu lafiya, amin.